Giyar da Kawu Bai Sha Ba

Ranar Talatar da Kawu ya rasu, kafin azahar falonmu na titin Grand Concourse, a unguwar Bronx ta New York, ya cika har mutane suna tsayawa a kan matakala. Matan zumuntar cocinmu ne suka fara isowa, kowacce da kular abinci a hannu, suka zube a kan kafet suna waƙa ƙasa-ƙasa. Sai mazauna benen, waɗanda Kawu ya shafe shekaru yana kula musu da tukunyar ɗumama ɗakuna a can ƙasan gini. Wata tsohuwa da ba ta jin Hausa ba ta jin Turanci ta riƙe hannun Mama, matar Kawu, tana kuka da yarenta, Mama tana amsa mata da namu, kuma suka fahimci juna.

Kowa da Kawun da ya zo da shi. Fasto ya ce dattijon coci ne da bai taɓa makara ba. Wani ya ce shi ya nemo masa aikinsa na farko a garin nan. Shugabar matan zumunta ta ɗaga hannu sama ta ce, "Mutumin Allah! Mutumin da giya ba ta taɓa shiga bakinsa ba tun da aka haife shi."

Alhajin hawa na uku, mutumin Kumasi, aminin Kawu, yana zaune kusa da ƙofa da carbinsa. Ya ɗago ya dube ni. Ni kuma na sunkuya ina ƙirga furannin kafet. 

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Na zo garin nan karatun jinya, aka ce in zauna a gidansu wata shida, na yi shekara goma sha ɗaya. Abin da nake so in rubuta shi ne Kawun da ba a ambata a coci ba, domin ina tsoron idan muka ci gaba da yabonsa da abin da ba shi ba, nan da shekara biyu babu wanda zai tuna fuskarsa ta gaskiya. Kuma akwai alkawarin da na yi masa, wanda tun ranar Talatar nan ya tsaya mini a ƙirji.

Kawu ɗan mai burkutu ne. Kakata tana dafawa a ƙauyenmu na kan dutse, kuma mutane suna tasowa daga ƙauyuka uku saboda tukunyarta. Da ya zama saurayi aka tura shi Sheffield ta Ingila koyon aikin ƙarfe. Sanyi ya kusa kashe shi a shekarar farko. Wata rana da rana tsaka ruwa ya kama shi a hanya, ya ga ƙofa da hasken wuta a bayan gilashi, ya tura ya shiga bai san inda ya shiga ba. Mashayar unguwa ce. Tsohuwar da ke da gidan ta dube shi, ta dubi takalminsa, ta nuna masa kujera kusa da murhu. Ba ta tambaye shi daga ina yake ba. Bayan wata biyu ya zama mai kula mata da ɗakin ƙasa inda ake ajiye gangunan giya, ya yi shekara shida a wannan aiki.

Da ya koma gida ya ga Mama, 'yar mai wa'azi, ya ce ita yake so. Ta ce ta yarda, da sharaɗi ɗaya: daga ranar aure giya ba za ta sake shiga bakinsa ba, ba za ta shiga gidanta ba. Ya ce to. Shekara arba'in da ɗoriya, daga Jos har New York, bai karya ba. Amma Mama ta yi sakaci guda a sharaɗinta, ba ta hana shi labari ba.

Kowace Lahadi bayan an dawo coci an ci tuwo, Kawu yakan zauna a kujerarsa ta bakin taga, Alhaji ya hauro da butar shayinsa, ni in zauna a ƙasa ina ninke kayan wanki. Sai Kawu ya lumshe ido ya ce, "To, a ɗauko laima. Yau ana yayyafi." Daga nan mun bar Bronx ke nan. Ƙarar motocin titi takan koma nesa, mu bi shi mu gangara wata unguwa mai jan bulo da hayaƙi.

Bai taɓa kiran gidajen da sunan da ke jikin allonsu ba, shi ya raɗa musu nasa. Akwai Gidan Maƙera, kusa da masana'anta, inda ƙasa ba kafet sai garin katako, maza suna shigowa da baƙin hannu suna shan mayil, wata giya mai duhu da ɗan zaƙi wadda ba ta da ƙarfi, don mutum ya sha ya koma aiki da ƙafafunsa. Akwai Gidan Madubai a tsakiyar birni, mai tagogi kala-kala da tagulla da ake gogewa kowace safiya, inda lauyoyi ke tsayawa da jarida a hammata, kowa yana magana kamar ba ya so a ji shi. Can ne ake da famfo goma sha biyu a jere, kowanne da giyarsa. Kawu yakan lissafo su da yatsu yana haɗiyar yawu: bita mai launin jan shayi, mai ɗacin wani fure da ake zuba mata, wata fara-fara ta lokacin zafi mai ƙamshin ciyawa, fota mai ɗanɗanon gasasshen hatsi, sitawut baƙa wuluk da farin kumfa a kanta, da wata mai nauyi ta tsakiyar hunturu da ake ba mutum a ƙaramin kofi don kada ya manta hanyar gida.

Alhaji, wanda ko warin giya bai taɓa yarda ya shaƙa ba, yakan kurɓi shayi ya ce, "Astagfirullah. To, sai muka je ina?"

Kullum a gidan Tsohuwa muke ƙarewa, wanda Kawu ke kira Gidan Makauniyar Kyanwa saboda wata kyanwa da ke kwana a kan kanta. Na san gidan nan kamar na taɓa share shi. Ƙofar tana da nauyi, sai ka sa kafaɗa. Daga hagu murhun gawayi, daga dama agogon da ke gaba da minti goma da gangan. Silin ya yi ruwan ɗorawa saboda hayaƙin taba. Babu rediyo, babu kiɗa, sai muryoyi da ƙarar kofuna da wani tsoho da ke tari a kusurwa. A saman kanta akwai ƙusoshi a jere, kowanne da kofin dalma a rataye, kowane kofi da mai shi. Ranar da aka kafa wa Kawu nasa ƙusa, ya ce ya shiga bayan gida ya yi kuka.

"Kin san abin da na gani a can?" ya taɓa ce mini. "Gidan uwata na gani. A gidan burkutu kowa ya san gindin bishiyar da yake zama. Mai kuɗi da mai gyaran keke ƙwarya ɗaya. Ba a tambayar mutum me ya kawo shi. In yana son magana ga mutane, in yana son shiru a bar shi da shirunsa, amma ba zai zauna shi kaɗai ba. Turawan nan sun yi wa gidan burkutu rufi da murhu, shi ke nan."

In aka zo maganar aikinsa na ɗakin ƙasa kuwa, har muryarsa takan sauya. Ya ce giyar ganga abu ne mai rai, kamar burkutun kakata da ke motsi a tukunya. In an kawo ganga an gangaro da ita, ba a taɓa ta. Sai a ɗora ta a kan katako, a buga mata ɗan ƙaramin icce don ta yi numfashi, a bar ta kwana ɗaya ko biyu har gudajinta ya kwanta. Sannan ya tsiyayi kaɗan ya ɗaga a gaban kyandir. In ya hango harshen wutar ta cikinta sarai, ta yi. Kuma sanyinta sanyin randa ne. "Sanyin randa, Nas, ba sanyin ƙanƙara ba. Ƙanƙara tana kashe ɗanɗano. Wanda ya sa giya a firiji bai yarda da ita ba ne." Nas yake kirana tun ranar da na sa farin kaya.

A zamaninsa mashaya takan rufe da rana ta huta kafin yamma. Saboda haka yawonmu ma yana da lokacin tashi. Da ƙarfe uku ta yi, Kawu ya ɗauki cokali ya buga a jikin kofin shayin Alhaji sau biyu, ya ce, "Lokaci ya yi, jama'a. Kowa ya nemi hularsa." Sai mu buɗe ido mu ga Bronx tana nan inda muka bar ta.

Duk wannan lokaci Mama tana kicin. Ba ta taɓa fitowa ba. Tukwane sukan yi ƙara fiye da kima in labari ya kai Gidan Madubai, wani lokaci ta ta da waƙar coci da ƙarfi. Mun ɗauka toshe kunnenta take yi.

Faɗansu mafi girma da na gani a kan kofin dalmar nan ne. Kawu ya taho da shi daga Sheffield, ya bi shi Jos, ya bi shi New York, yana ajiye a saman kabad. Wata rana ya shiga kicin ya tarar da shi a cikin buhun shinkafa, Mama ta mai da shi gwangwanin awo. Ta ce ai gara ya yi aikin kirki sau ɗaya a rayuwarsa. Kawu bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya daina cin shinkafa. Mako uku ana dafawa yana cewa cikinsa ba daɗi, ya sauka ƙasa ya ci biredi da sadin kusa da tukunyar ɗumama gini. Daga baya kofin ya ɓace daga buhu, bai koma saman kabad ba. Kawu bai tambaya ba, Mama ba ta faɗa ba. Ni na tabbata ta jefa shi a shara.

Sau ɗaya na yi ƙoƙarin faranta masa. Na ji labarin wata mashaya a Manhattan da aka ce irin ta Ingila ce sak, na ce mu je ya gani ko da lemo zai sha. Muka hau jirgin ƙasa na layin D, ya sa kwat da hula. Muna shiga muka tarar da talabijin a kowane bango, kowanne da wasansa, kiɗa yana dukan ƙirji. Kawu ya tsaya yana kallon wani yana shan giya a kofin da ya yi raɓa don sanyi. Ya matsa ya tambayi mai sayarwa ina ɗakin ƙasansu, wa ke kula da ganguna. Mutumin ya ɗauka jami'in duba tsabta ne. Muka fito ko zama ba mu yi ba. A jirgi, sai da muka wuce unguwar Harlem sannan ya ce, "Sun sayo katakon, sun sayo madubin. Mutanen ne ba a sayarwa." Ban sake kai shi ko'ina ba.

Lokacin da matar Alhaji ta rasu, bayan an yi sadakar bakwai mutane sun watse, Alhaji ya rufe ƙofa ya daina fita. Kawu ya ɗauki kujerar roba ya sauka hawa na uku, ya ƙwanƙwasa, ya shiga ya zauna. Bai yi wa'azi ba, bai ce a yi haƙuri ba. Yakan zauna awa biyu yana kallon bango tare da shi, in lokacin salla ya yi ya matsar da kujerarsa ya ba shi wuri. Kwana arba'in yana haka. Daga baya Alhaji ya ce mini a matakala, "Wallahi shi ya riƙe ni. Na tambaye shi wa ya koya masa wannan, ya ce wani tsoho mai tari a gidan giya. Kin ji fa, gidan giya!" Ya share ido da gefen rawaninsa.

Alkawarin kuwa a asibiti na yi shi. Ciwon ajali ya ci ƙarfin Kawu, amma bakinsa na nan. Yana ce wa masu dubiya kabari ba zai ba shi tsoro ba, ai duk rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi aiki. Wata rana da Mama ta fita neman ruwan zafi, ya kamo hannuna. Ya ce a gidan Tsohuwa, in ɗan gida ya mutu, ranar da aka dawo daga binne shi sai a sauko da kofinsa daga ƙusa, a cika da giyar da ya saba sha, a ajiye a wurin zamansa. Ba mai taɓawa. Mutane su yi hirarsu kamar yana nan. In an buga ƙararrawar tashi sai a zubar, a wanke kofin.

"Bita nake sha," ya ce. "Kofi ɗaya, Nas, a bakin tagata. Ba sha zan yi ba, kin ga ban karya mata alkawari ba."

Na ce, "Kawu, ai sharaɗin har da shiga gida."

Ya yi murmushi ya rufe ido. "Ke dai ki gwada."

Na ce to, domin ba a ce wa mai wannan kwanciya a'a. Amma tun daga Talata nake juya abin. In na yi, na ci amanar matar da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta, a makon da ta rasa mijinta, a gaban Fasto da matan da suka rantse bai taɓa sha ba. In ban yi ba, na bar shi ya tafi ba tare da abu ɗaya tak da ya roƙa ba.

Ranar Asabar muka binne shi. Daga maƙabarta na zame na shiga wani shago da ke sayar da kayan ƙasashen waje, da baƙin ɗankwalina da kumburarrun idanuna, na ce a ba ni bita ta Ingila, mai rai, mai gudaji a ƙasan kwalba. Na naɗe ta a leda biyu, na tura ta can bayan firiji, bayan tukunyar miyar kuka. Niyyata in jira Lahadi kowa ya watse, Mama ta kwanta hutawa, in zuba a kofin shayi in ajiye minti biyar in zubar. Abin kunya ne, na sani, amma iyakar ƙarfin halina ke nan.

Da safe kafin mu tafi coci na buɗe firiji, na ɗaga tukunyar miya. Babu leda, babu kwalba.  Mama tana tsaye a bakin ƙofa tana ɗaura gyale, ta ce, "Ki yi sauri, za mu makara." Ko kallona ba ta yi ba. A coci ban ji kalma ɗaya daga wa'azin ba. Na ɓata mata rai, kuma na kasa cika wa Kawu alkawari.

Bayan sujada aka biyo mu gida. Fasto yana kan doguwar kujera, matan zumunta a ƙasa, Alhaji a wurinsa kusa da ƙofa. Kujerar bakin taga ce kaɗai ba wanda ya zauna a kai. Wajen ƙarfe biyu Mama ta tashi ta shiga ɗakinta. Da ta fito, hannunta na dama riƙe da kwalbar a tsaye, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A hannun hagu kofin dalma ne, an goge shi yana walƙiya.

 Ta tsaya a gabana.

"Firiji," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya kina zaune a gabansa kina ninke tsumma, a ce firiji kika sa ta? Kuma a kwance? Tun asuba take tsaye a bayan labulen tagata. Sai yanzu gudajinta ya kwanta."

Na sunkuyar da kai.

Shugabar mata ta dafe ƙirji. "Mama, mene ne wannan?"

"Bita ce," in ji Mama. Ta juya wajen Fasto. "Ka yi haƙuri, Fasto. Ba wanda zai sha. Shi ma bai sha ba, shekara arba'in da uku, ni ce shaida. Amma kafin ni ya sha, kuma uwarsa ita ke dafawa. Kada a sake faɗin abin da ba haka ba a kansa a gidan nan."

Fasto ya dubi kwalbar, ya dubi kujerar, ya ajiye kofin ruwansa.

Mama ta buɗe, ta karkata kofin, ta tsiyaya a hankali ta gefe, ta tsaya kafin gudajin ƙasa ya biyo. Ta ɗaga sauran kwalbar wajen hasken taga ta duba, ta gyaɗa kai. Sannan ta ajiye kofin a kan ɗan teburin da ke gefen kujerarsa. Wani ƙamshi ya tashi, kamar na gasasshen hatsi da ɗanyar ciyawa. Alhaji ya miƙe da butar shayinsa, ya ja kujerarsa ya dawo wurin da ya saba zama kowace Lahadi, ya ɗan kau da fuska daga kofin, ya ce, "Astagfirullah. To, yau ina za mu?"

Mama ce ta amsa. Ta zauna a hannun kujerar, ta lumshe ido. "A ɗauko laima," ta ce. "Ƙofar tana da nauyi, sai an sa kafaɗa. Murhu yana hagu."

Ta kai mu har ciki. Ba ta manta agogon da ke gaba da minti goma ba, ba ta manta kyanwar ba, har tsohon mai tari ta san kusurwarsa. Matan zumunta da suka fara tattara jakunkuna suka mai da su ƙasa. Na ji ruwan Sheffield yana sauka a kan tagar Grand Concourse, alhali rana ake yi. Na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ƙarfe uku daidai ta ɗauki cokali ta buga a kofin shayin Alhaji sau biyu. "Lokaci ya yi, jama'a. Kowa ya nemi hularsa."

Da mutane suka watse, ta ɗauki kofin ta shiga kicin, na bi ta. Ta tsaya a gaban wurin wanke-wanke, ba ta zubar ba tukuna. Ta kawo shi kusa da hancinta ta shaƙa, ta daɗe a haka.

"Ashe haka take," ta ce. "Kin san, 'yata, kowace Lahadi ina tsaye a nan ina jira. Da sau ɗaya ya leƙo ya ce, ki bar ni in sha kofi guda, da na ce ya sha. Bai taɓa tambaya ba. Ni kuma ban taɓa fita na faɗa masa ba."

Ta karkata kofin a hankali har ya ƙare. Ta wanke shi, ta goge da gefen zaninta, ta miƙo mini ta ce in duba cikin akwatin kayan aikin Kawu in samo mata ƙusa.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Kawu. Kofinka yana rataye a bakin taga.